Lambar da Ke Saman Shafi

"Tchima, ki gaya mata ta cire furannin nan," in ji Baba Sumaila. "Ba bikin aure muke talla ba."

Angelina tana zaune a gefensa da kwamfutarta kan teburin falo, ta kalli Tchima tana jiran fassara. Baba Sumaila mutumin zangon Kumasi ne, Turancinsa ya fi na Tchima nesa ba kusa ba, amma in zai yi ƙorafi da Hausa yake yi.

"Ya ce shafin ya yi kyau," in ji Tchima da Turanci, "sai dai furannin."

Angelina ta yi dariya. "Na ga fuskarsa ai. An cire, Mister Sumaila."

Wata Laraba ce da la'asar, cikin watan Maris na 2007. Gidan Baba ɗan ƙarami ne a unguwar Glenwood, shinge ɗaya tsakaninsa da wanda Tchima take haya. Shekara goma sha tara ke nan duk wanda aka yi wa rasuwa cikin Musulmin Afirka ta Yamma da ke Greensboro, shi ake fara kira. Shi ya san takardar da za a karɓo, da ofishin da za a kai ta, da inda ake wanka, da yadda ake tura gawa gida in dangi sun nace. Ƙungiyarsu ta taimakon jana'iza tana da shafin intanet da wani ɗalibi ya haɗa tun 2001, rubutu kore kan baƙi, kuma lambar wayar da ke kai ta wani ce da ya daɗe da komawa Atlanta.

Ba wanda ya damu da shafin sai a watan Janairu. Wata mata mai suna Oumou, baƙuwa a Burlington, mijinta ya rasu, ba ta san kowa ba. Ta sa aka yi ta bincike a intanet ba a samu kowa ba, gawar ta kwana huɗu kafin labari ya iso. Da Baba ya dawo daga wannan jana'izar bai ci abinci ba. A satin ya tara ƙungiya aka amince a ɗauko mai aikin daga waje. Haka aka samo Angelina, wadda take da ɗan kamfaninta a ɗakin bayan gidanta a Pleasant Garden. Tchima kuwa aka ɗora mata karɓar imel da amsawa, don idon Baba ya daina son ƙaramin rubutu.

Angelina ta zaro takarda. Ta yi bayani cewa kyan shafi kaɗai ba ya kawo mutane, sai an zuba kalmomin da masu bincike ke rubutawa a Google, sannan shafin ya hau sama. Ta karanta waɗanda ta shirya: "Islamic funeral services. Muslim burial arrangements."

Baba ya girgiza kai, wannan karon da Turanci ya amsa mata. "Madam, kin taɓa ganin mai kuka ya rubuta arrangements?"

Ya gyara zama, ya ce Tchima ta ɗauki biro. "Rubuta janaza. Rubuta jana'iza. Mutanenku na Nijar yaya suke rubutawa?"

"Da d a gaba, Baba. Djanaza. Wasu kuma enterrement musulman."

"Yoo. Sa duka. Rubuta who wash dead body muslim. Rubuta my husband die Greensboro mosque. Send body to Ghana. Send body to Niger."

Angelina ta ɗan ciji leɓe. Ta ce in aka zuba karyayyen Turanci haka a shafi, wasu za su ɗauka ba masu aikin gaske ba ne. Suka ja, ba faɗa, kowa dai bai saki ba. A ƙarshe ita ce ta kawo mafita: za ta buɗe shafi na tambayoyi, kowace tambaya yadda mutane ke furta ta, amsar kuma a ƙasa cikin Turanci mai sauƙi da Faransanci da Hausa.

"Yaushe zai hau sama?" Baba ya tambaya.

"Ba a hannuna yake ba. Sati shida, takwas, wani lokaci fiye."

"To," in ji shi, ya koma Hausa, muryarsa kamar mai zancen farashin tumatir. "Ni ma wata biyu likita ya ce. Ashe tsere za mu yi da Google."

Biron ya tsaya a hannun Tchima. Ta san yana ciwon hanta, ta ga yadda rigunansa suka yi masa yawa, amma ba wanda ya faɗa mata wata biyu. A kicin, ƙarar ludayin Mama Khadijah, matarsa, ta ɗauke na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba. Angelina ta dubi Tchima.

"Ya ce mu yi sauri," in ji Tchima.

Daga ranar, in ta tashi aiki a sito ɗin kaya da ke Wendover, sai ta biyo bas ta sauka, ta shiga gidan Baba kafin nata. Yana faɗa tana rubutawa. Yadin likkafani nawa na namiji, nawa na mace. Me za a ce wa asibiti a kiran farko. Me ya sa ba a sa hannu kan kowace takarda sai an kira ƙungiya. Wani lokaci ya yi nisa da bayani sai ya kauce zuwa labarin wani Bazabarme da suka binne cikin ƙanƙara, ko ya yi barci a tsakiyar jimla, ita kuma ta jira. Angelina tana aiko imel kusan kullum. Ta ce shafi yana ƙara daraja in wasu shafukan suna nuno shi, don haka Tchima ta yi ta buga waya masallatan Raleigh da Charlotte da shagunan kayan abincin Afirka tana roƙo su sa mahaɗi. Wasu suka sa a ranar. Wani mai shago ya ce shi ba zai haɗa garin rogo da zancen mutuwa ba.

Angelina ta so a sa hoton Baba da ɗan tarihinsa, ta ce mutane sun fi yarda in sun ga fuska. Ya ƙi. Sau uku ta kawo maganar, sau uku ya ƙi. Ta haƙura, ta zo da tambayar da ta rage: lambar wa za a sa a saman shafi?

Bayan ta tafi ya ce wa Tchima, "Hardi zai riƙa wankan maza, ya iya. Hajiyoyi suna nan don mata. Amma Hardi direban tirela ne, rabin sati yana hanya. Wayar ke nake so ki riƙe."

"Baba, a'a."

"Kina jin Hausa, kina jin Zabarmanci, Faransanci, Turanci."

"Ba zan iya ba, wallahi. Kai ma ka sani."

Ya sani. Shekara huɗu da suka wuce mijinta Hassane ya faɗi a wurin aiki bai tashi ba. Tana tsaye a barandar asibiti da takardu a hannu ba ta gane ko ɗaya, wata mai shara 'yar Togo ta ba ta lambar Baba. Bugu biyu ya ɗauka. Bai tambaye ta takarda ba. Cewa ya yi, "'Yata, akwai kujera kusa da ke? Zauna tukuna. Ina zuwa." Shi ya samo mata gidan da ke kusa da nasa daga baya. Har yau in waya ta yi ƙara tana wurin aiki, sai gabanta ya faɗi.

"Don haka nake so ke ki riƙe ta," in ji shi. "Wanda bai tsaya a barandar nan ba, sauri zai yi wa mutane. Amma ba dole. Ki yi tunani."

Aka buɗe sabon shafin a tsakiyar Afrilu da lambar Baba a sama. A lokacin an kawo masa gadon asibiti an kafa a falo kusa da taga, don ya ce ɗakin kwana ya yi masa shiru, yana son ganin ɗalibai suna wucewa da kekunansu. Kullum Tchima ta shigo, kafin ta ajiye jaka zai ce, "Mun kai ina?"

"Shafi na biyar a Google, Baba."

Bayan sati ɗaya, na uku. Sai ya tsaya a na ukun kwana goma cur, har Baba ya ce a tambayi Madam ko akwai wanda ake kai wa goro a ofishin Google. Angelina ta ji wannan ta yi dariya har da hawaye, ta kuma zauna ta sake taken kowane shafi da hannunta.

Ranar Alhamis ta biyu cikin watan Mayu Tchima ba ta da aiki. Ta shiga da hantsi ta tarar Mama Khadijah tana jiƙa masa leɓe da auduga. Numfashinsa ya canza, yana ja yana tsayawa. Ta durƙusa a gefen gadon.

"Baba, Tchima ce. Mun shiga shafi na biyu."

Idonsa ya ɗan motsa.

"Kuma jiya na rubuta wa Angelina. Ta canza lambar. Tawa ce a sama yanzu."

A waje bas ta tsaya a kan kwana, ta yi huci, ta wuce.

"Yoo," in ji shi a hankali. "Ki fara ce musu su zauna."

Bayan azahar ya cika, Mama Khadijah tana riƙe da hannunsa tana maimaita masa kalmar shahada. Tchima ce ta kira asibiti, ta faɗi abin da ya koya mata ta faɗa. Ta kira Hardi, ya juyo da motarsa daga Virginia. Washegari bayan sallar Juma'a aka binne shi, ba takardar da ta ɓata, ba wanda ya tsaya tambayar ina za a.

Ran uku Angelina ta zo gaisuwa da kwanon kaza da taliya a rufe. Ta ga takalma jere a ƙofa ta cire nata, ta zauna a ƙasa cikin mata, ta rasa inda za ta sa ƙafafunta. Da aka ɗan ragu ta matso kusa da Tchima.

"Na duba yau da safe. Shafi na farko, na huɗu daga sama." Ta dubi gadon. "Kwana uku kacal. Na so ya gani."

Tchima ta fassara wa Mama Khadijah. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta kama hannun Angelina ta riƙe cikin nata biyu. "Ki ce mata Allah ya saka. Ki ce mata ta ci abinci kafin ta tafi."

Wajen ƙarfe huɗu mutum biyu suka zo da mota ɗaukar gadon. Suka kwance shi gunduwa-gunduwa, suna ba da haƙuri duk sanda ƙarfe ya bugi ƙofa. Da suka fita falon ya yi faɗi. Inda ƙafafun gadon suka tsaya, kafet ya lotsa wuri huɗu, rana ta shigo ta taga ta kwanta a tsakaninsu. Mama Khadijah ta miƙe ta je ta tsaya a wurin, ta sa diddige tana murza ɗaya a hankali, har gashin kafet ɗin ya fara tasowa.