Ranar da Tsawa Ya Yi wa Rekiya Faɗa

"Kai yaro, rage gudu! Kiɗa aka kira ni, ba jana'izata ba!"

Talha bai rage ba. Tun da suka baro Kurfi yake murza babur ɗin nan kamar an biyo shi, tsoho Ummaru makaɗi na maƙale a bayansa, hannu ɗaya ya rungume kalangu, ɗaya ya damƙe masa riga. Murna ce fal cikin Talha, da ɗan tsoro a ƙarƙashinta, don dabarar tasa ce, in kuwa ta ɓaci shi za a zaga.

Maƙwabcinsa Baba Mamuda ne ke kwance a Dutsin-Ma. Mahauci ne, amma ba da wuƙa ya yi suna ba. Tsawa ake ce masa a fagen dambe, kuma a zamaninsa, in an gama girbi, daga Kurfi har Dabawa babu garin da bai kwantar da ƙato ba. Sai dai shi ma kansa ya sha abin da ya sha. Likita ya ce naushin nan ne ya taru yake cin ƙwaƙwalwar a hankali. Da farko harshe ya yi nauyi, hannu ya kama rawa. Daga baya ya soma ɓata hanyar gida, har Talha ya taɓa tsinto shi a hanyar Zobe ba takalmi. Wadda abin ya fi ci ita ce matarsa, Inna Rekiya. Ita ke masa wanka, ita ke ba shi koko a baki, shi kuwa sai ya dube ta cikin ladabi ya ce, "Na gode, baiwar Allah. Ke ɗiyar wane gida ce?"

Yanzu ya daina karɓar abinci. Da safen nan ta tare Talha a zaure ta ce, "Ban ce Allah ya bar mani shi ba, lokaci ya yi. Sunana kawai nake so in ji a bakinshi kafin ya tahi." Abin ya tsaya wa Talha a rai. Shi ne ya tuna da Ummaru, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana buga wa Tsawa takensa, kiɗan da yake nasa shi kaɗai.

Bayan la'asar suka iso. Aka tallabo Baba Mamuda aka jingina shi da gindin bedi a tsakar gida. Ummaru ya durƙusa gabansa.

"Tsawa, ka gane ni?"

Baba Mamuda ya bi shi da ido kamar baƙo.

"Ba a buga mashi take hannu tsirara," in ji Ummaru. Ya zaro ƙyalle da zare daga aljihu, ya naɗe masa hannun dama tamau, sannan ya saɓa kalangu ya fara kiɗa.

Da fari ba abin da ya motsa. Can sai Talha ya ga babban ɗan yatsan ƙafar tsohon yana bin kiɗa. Kafaɗa ta karɓa. Jiki ya ɗauki tsuma. Kafin wani ya kai hannu, mutumin da ake kwantarwa ana tayarwa ya dafa bedi ya miƙe tsaye da ƙafafunsa.

"Ni ne Tsawa!" Muryar ta fito tar, ba nauyi ba gargada. "Ƙasa ta san bayan kowa, ba ta san nawa ba! Yaro, je ka gaishe da uwarka, ka dawo baɗi!"

Unguwa ta ruɗe. Tsofaffin mahauta suka danno ta zaure, mata suka leƙo ta katanga. Talha sai tsalle yake yana ihu, "Ya dawo! Wallahi ya dawo!"

Amma Baba Mamuda bai dubi Inna Rekiya ba, ga ta kuwa tsaye a bakin ɗaki. Ya miƙa hagu gaba, ya ja naɗaɗɗen hannun baya, yana ta waige-waige, gwiwoyinsa na kaɗawa.

"Kash!" Ummaru ya ce ba tare da ya tsai da kiɗa ba. "Na manta. In an buga mashi take ba ya zama sai an hito mashi. In ba a hito ba, nan zai tsaya har ya faɗi."

Tsofaffin nan da suka san hannun duk suka ja da baya, kowa ya tuna yana da ciwon baya. Talha ya cire hula.

"Da ya taɓa ka, ka kai hannu ƙasa," Ummaru ya raɗa masa. "Shi ke nan ya yi kisa, dambe ya ƙare."

Talha ya shiga yana murmushi, yana shirya yadda zai yi faɗuwar ƙarya mai kyau. Bai samu yin ta ba. Bai ma ga tahowar hannun ba, sai dai ya ji garau a muƙamuƙi, ya tsinci kansa zaune daɓas kusa da turmi, bakinsa da ɗanɗanon jini.

Gida ya kaure da sowa. A cikin sowar nan Inna Rekiya ta manta da kanta, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

Baba Mamuda ya juya da sauri. Duk tsawon dambensa bai taɓa yarda iyalinsa su leƙa fage ba, don kada wata rana su ga an zubar masa da jini. Ya zuba mata ido, fuskarsa ta murtuke.

"Rekiya! Mi ya kawo ki hilin maza? Wa kika bar ma yara?"

Kalangu ya yi tsit. Yaran da yake magana duk sun yi aure, wasunsu har da jikoki. Inna Rekiya ta toshe baki da gefen zane, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Yi haƙuri, maigida. Yanzu zan koma."

"Ki koma. Ki ɗora mani ruwan zahi, hannun nan ya yi tsami."

"To, maigida."

Ta tare shi kafin gwiwoyin su saki. Talha na zaune a ƙasa riƙe da haɓa, yana dariya hawaye na zuba, bai taɓa jin daɗin duka irin na ranar ba.

Kafin magariba, Inna Rekiya ta sake zama baiwar Allah a wurinsa. Bai kai Juma'a ba ya cika, da hantsi, tana laƙanta masa kalmar shahada. Talha ya ɗauki makara da kumburarren muƙamuƙi.

Da ya shiga yi mata gaisuwa, ya tarar da ita a kan tabarma cikin mata, carbi a hannu. Duk wadda ta durƙusa ta ce ya haƙuri, sai Inna Rekiya ta amsa, ta ɗan matso kusa da ita, ta rage murya.

"Kin san sai da ya yi mani faɗa kafin ya tahi?"

Sai ta yi murmushi, ta ci gaba da jan carbinta.