Mai Gyaran da Ke Zuwa Ɗakin Inna

Shagon Injiniya yana ƙarƙashin wani dogon bene, a lungun da ko waya ba ta samun sabis sai mutum ya hau matakala ya fito bakin titi. Gyaran kwamfuta yake yi, a gida kuma Auta ake kiransa. A ɗakin baya ya tara tsofaffin kwamfutocin da masu su suka kawo gyara suka yi ko oho da su, wata ba murfi, wata fankarta na kuka kamar tsohon keken ɗinki. Suna nan jibge har shekarar da likita ya ce mahaifiyarsa ta kamu da ciwon mantuwa.

Inna a gidan yayarsa take zaune. Ranar da suka dawo daga asibiti, Yaya ta shiga ɗaki ta sha kukanta, ta fito ta wanke fuska ta ɗora tukunya. Shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa, sai ya duƙufa bincike a waya. A nan ya ci karo da wasu masana da ke neman maganin ciwon. Lissafin da suke yi ya fi ƙarfin injinansu, don haka suke yanka shi gunduwa-gunduwa suna raba wa duk mai kwamfutar da ke zaman banza, ta yi musu aikin kyauta a mayar musu da amsa.

Sai dai da intanet ake karɓar aikin, da ita ake mayarwa, shagonsa kuwa babu. Gidan Yaya akwai. Sai ya riƙa zuwa da ƙaramar kwamfutarsa a jaka, ya jona ta da igiya a jikin akwatin intanet da ke falo, ya sauke aikin ya zuba a filash. Ya koma shago ya bi tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya yana ba kowace rabonta, kamar mai ba kaji tsaba. In sun gama ya kwashe amsoshin ya kai gidan Yaya ya tura. Kowane aiki da wa'adinsa. In ka makara a ba wani, wahalarka ta tashi a banza.

Haka ya zama ɗan gida. Maƙwabta suka fara yabonsa: "Auta dai ya san darajar uwa." In ya ji sai ya sunkuyar da kai, don ya san iyakar abin da yake yi. Ya leƙa ƙofar Inna ya ce, "Inna, ya jiki?" kafin ta gama ɗago kai ya riga ya kai falo. Tsoron ɗakin yake ji. Ba ya iya kallon matar da ta raine su tana neman takalminta alhali yana ƙafarta.

Wata rana Yaya ta tsaya a kansa da zanin gado a kafaɗa.

"Auta, wai wurin wa kake zuwa ne? Inna, ko wannan akwatin mai ƙyafta ido?"

"Haba Yaya, ai don ita nake yi."

"Allah ya ba da lada. Kafin maganin naka ya iso, zo ka kama min ita in canza shimfiɗa."

"Ina zuwa, aikin yana kan tafiya ne, in na cire zai lalace."

Ko da ya gama ya shiga, ta riga ta canza ita kaɗai, tana dafe da ƙugu.

Zuwansa na gaba bai tarar da akwatin a falo ba. Yaya ta sa an ja wayar an mayar da shi ɗakin Inna, kan durowa, dab da gado.

"Nan ya fi kamawa," ta ce, ko murmushi babu.

Ya san ba gaskiya ba ne, sana'arsa ce. Amma ya ɗauki jakarsa ya shiga ɗakin. Ya riƙa zama a kan 'yar kujera, rabin bayansa ga gadon, idonsa a kan kwamfuta. Inna tana ta kallonsa. Aka ɗau makonni a haka.

Ran nan da la'asar sai ya ji muryarta a bayansa.

"Bawan Allah, har yanzu abin bai gyaru ba?"

Ya juyo. Ta ja mayafi ta rufe kanta, yadda take yi gaban baƙi.

"Sannu da ƙoƙari, kullum kana hanya. Ni ma ina da ɗa mai irin sana'arka. Auta. Ko ka san shi?"

"Inna, ni ne fa."

Ta yi 'yar dariya ta kawar da kai. "Kai dai akwai barkwanci. Auta ai ba ya zama. Leƙowa yake yi ya wuce. Ba laifinsa ba ne, aiki ne ya yi masa yawa."

Bai san yadda ya kai shago ba. Ya shiga ɗakin baya ya bi kwamfutocin yana zare musu wuta, har wurin ya yi tsit. Ya zauna a ƙasa ya daɗe.

Washegari ya yi wanka ya sa kayan da Inna ta fi so, ya tafi hannu rabbana, ba jaka ba komai. Ya shiga ya durƙusa gaban gadon ya kama hannunta. Inna ta fizge, ta manne da bango tana ƙwala wa Yaya kira, wai ga wani ƙato ya shigo mata ɗaki. Da ƙyar Yaya ta lallashe ta, sannan ta ja shi waje.

Ya tsaya yana jiran faɗa. So yake ta zage shi tas, ko ya ji sauƙi. Ba ta yi ba.

"Koma ka ɗauko jakarka," ta ce a gajiye. "Mai gyara ta sani. Kuma in kashe injinan naka ka yi, ka kunna su, kashe su ba zai dawo mana da komai ba. Wataƙila su yi wa uwar wani amfani."

Ya kunna su. Ya dawo da jaka, Inna ta tarbe shi da fara'a ta sa a kawo wa baƙo ruwa. Aikin turawa ba ya ɗaukar lokaci, amma ya bar kwamfutar a buɗe ya juya kujerar ta fuskanci gado. Ta ba shi labarin Auta: yadda yana yaro ya kwance rediyon babansu ya kasa haɗawa, ita kuma ta ce daga hannunta ya faɗi, ta sha faɗan a madadinsa. Shi abin da ya riƙe duk shekarun nan kawai ba a doke shi ba. Bai taɓa tambayar dalili ba.

Da Yaya ta kawo abinci, Inna ta ture kwanon kamar yadda ta saba, sai an yi ta fama.

"A fara ba baƙo," ta ce.

Ya ɗauki cokali ya ci, ya miƙa mata. Ta ji kunyar ƙi, ta karɓa. Loma ɗaya shi, ɗaya ita, har kwanon ya kusa ƙarewa.

Ya fito da kwanon zai nuna wa Yaya, sai ya tarar da ita a kujerar falo barci ya kwashe ta a zaune, bakinta a ɗan buɗe, tsumman goge-goge a hannu. Sai a lokacin ya lura da furfurar da ta cika mata gaban kai. Ya wuce a hankali ya wanke kwanon da sauran kwanukan da ya tarar, yana kiyaye kada su yi ƙara.