Kwazazzabon Fagen Waca

A shekarar 1954 fagen kokawa biyu ne ake zancensu a gabashin Magaria, na Waca da na Dungas. Na Waca yana hannun Gajere, na Dungas yana hannun Manzo. Taubasai ne, uwar Manzo ƙanwar uban Gajere ce, don haka tun suna yara ba su da wata gaisuwa sai zolaya. Sau huɗu suka kama da ƙuruciya, sau huɗu Gajere ya kai bayan Manzo ƙasa. Wannan kowa ya sani, makaɗa ma suna sa shi cikin kirari.

Sai aka ɗauki Manzo soja. Ya yi shekara bakwai, ya dawo da lambar ƙarfe a ƙirji da Faransancin bariki a baki, yana shiga biron kumandan, wato ofishin Baturen mulki, ba tare da gardi ya tsare shi a ƙofa ba. Shekara uku da suka wuce, da aka ware wani abu daga kuɗin lampo, wato haraji, don filayen wasa, Dungas ce ta samu rumfar kwano a gefen fage. Gajere ya je ya gan ta sau ɗaya. Ya ce zafinta ya fi na rana. Bai sake komawa ba. Amma matarsa Hinda ta lura duk wanda ya zo daga Dungas sai Gajere ya tambaye shi ko iska ta yaye rumfar nan.

Fagen Waca kuwa uban Gajere ne ya sare shi, tsakanin tsamiya biyu, rairayinsa mai laushi kamar gari. Damina uku ke nan ruwan da ke gangarowa daga tudun kasuwa ya haƙa kwazazzabo ta gefen arewa, yana ci yana ƙara baki, har ya cinye kusan sulusin fagen. Darnin kara ya kwanta. Rumfar makaɗa ta karkace, azara ɗaya ce ke riƙe da ita. Abin da wurin ke bukata dutse ne da siminti, a yi wa ruwa hanya. Waca ba ta da ko ɗaya.

Gero na kan bushewa a gona sai gardi ya zo a kan doki da saƙo. Nan da kwana goma mataimakin kumandan zai zagaya ya duba fagagen biyu. Ɗaya za a gina sabo da kuɗin bana, da magudanar ruwa da katanga da wurin zama, kuma a nan za a yi kokawar bikin Nasara na watan Nuwamba, wadda dukan ƙasar Magaria ke zuwa.

Ran kasuwa Manzo ya iso a kan keke. Ya jingine shi a zaure, ya shiga har tsakar gida ba sallama.

"Ina matata Hinda? Har yanzu kina fama da wannan guntun?"

"Ina fama, Soja. Kai ka ƙi zuwa ka ɗauke ni."

"Keken ba ya ɗaukar biyu. Ba ni ruwa."

Gajere yana zaune yana ɗinkin wani tsohon warki, bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Bawana ya zo gaida ubangijinsa. Zauna a ƙasa, ai bayanka ya saba da ita."

Suka yi dariya, ko da yake ta Gajere ba ta wuce haƙora ba. Idonsa na kan takalmin Manzo, na fata ne mai igiya.

Da Manzo ya sha ruwa ya ce su taka zuwa fage. Ya tsaya a bakin kwazazzabon, ya leƙa, ya yi fito.

"Taubashi, bana taka ce. Ka ji abin da zan gaya maka. Kada ka taɓa komai. Darnin nan bar shi kwance. Rumfar nan in ta faɗi kafin ranar, ka gode Allah. Ko tsintsiya kada a sa."

"In tarbi baƙo a juji?"

"Ba baƙo ba ne, mai dubawa ne. Nasara ba ya gyara abin da ya ga yana tsaye. Takarda gare su mai gida biyu, mai kyau da lalatacce. Wanda aka sa a gidan lalatacce shi ake ba."

"To kai me ya sa ka zo gaya mini?"

"Ni na sami rumfa. Kuma a nan kawu ya koya mini kamu."

"Bai koya maka da kyau ba."

"Shi ya sa nake son a gyara, ko na dawo in ƙarasa."

Da suka koma gida, Manzo ya hau kekensa ya tafi. Gajere ya tsaya yana kallon sawun tayar a rairayi har ya ɓace a kwanar kasuwa.

Duk yinin nan maganar tana cinsa. Tun da yake bai taɓa jin an ba ƙazami kyauta ba. Hakimi in zai zo, share gari ake yi. Mai neman aure wanka yake yi. Ko bara da Nasara zai wuce, sai da aka yayyafa wa hanya ruwa. Yau kuma a ce wanda ya fi tsiya shi zai ci? Ya hango Manzo yana komawa Dungas yana sa a wanke rumfar kwano tana walƙiya, a zuba sabon rairayi, sannan ya tsaya kusa da Bature da lambarsa a ƙirji yana cewa da Faransanci, ranka ya daɗe, ka dai ga na Waca. Mutumin da bai taɓa kayar da shi a fage ba, zai kayar da shi da baki.

Hinda ta ce, "Maigida, in kuma gaskiya ya faɗa fa?"

"Taubashi ne. Yaushe bakinsa ya fara gaskiya?"

"Da wasa yake yi, da dariya zai yi. Ni ban ga ya yi dariya ba da kuka dawo."

"Ke dama tun da ya sayi keke kike ganin hankalinsa."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta ba shi wuri.

Washegari Gajere ya sa aka buga gangar gayya. Mutane suka bar gero a tsaye suka zo, don ba wanda zai ji an ce garinsa zai ji kunya ya zauna. Kwana shida ana aiki. Aka cika kwazazzabon da kara da ƙaya da ƙasar juji, aka tattake, aka kawo rairayi a kan jakuna daga fadama aka rufe. Aka kafa sabon darni. Aka ta da rumfar makaɗa da azarar da Gajere ya ciro daga zaurensa. Mata suka shafa wa gindin tsamiyoyin farar ƙasa, don an ce haka ake yi a barikin Magaria. Alhassan maƙeri, wanda ya fi kowa tattaka, ya ce wa Gajere a hankali, "Sarkin fage, ka san ruwan farko zai kwashe wannan."

"Kafin ruwan farko siminti ya zo."

Ranar da aka sa, da hantsi, mota ta iso. Mataimakin kumandan saurayi ne ja, wuyansa ya ƙone da rana. Tare da shi akwai mai fassara, wani ɗan Damagaram mai tabarau da ake ce wa Mushe Manu, wato Malam Manu a bakin Faransa. Makaɗa suka saki kiɗa. Gajere ya sa rigarsa ta Salla, 'yan kokawarsa goma sha biyu sun jeru sun shafe jiki da mai.

Baturen ya zagaya fagen da ƙafa. Ya taka daidai kan kwazazzabon, ya tsaya, ya dunguri rairayin da takalmi. Rairayin bai nutse ba. Baturen ya yi murmushi, ya yi magana mai tsawo, ya miƙa wa Gajere hannu.

Mushe Manu ya ce, "Ya ce bai ga fage mai kyan wannan ba a duk ƙasar. Ya ce da kowane gari na kula da abinsa haka, da hukuma ta huta. Yana tambaya, akwai abin da ke damun wurin?"

Mutanen Waca duka suna tsaye suna ji. Alhassan maƙeri ya yi gyaran murya. Gajere bai dube shi ba. Ya ce, "Gaya masa lafiya lau. Mu nan ba ma jiran kowa. Ba kamar wasu ba."

Mushe Manu ya dube shi ta saman tabarau, kamar zai ce wani abu, sannan ya juya ya fassara. Baturen ya rubuta kalma biyu a takarda. Aka ba shi rago da ƙwai, mota ta nufi Dungas.

Kwana uku Gajere yana tafiya kamar ya ƙara tsawo. Ran na huɗu Manzo ya zo, wannan karon ya yi sallama. Bai nemi Hinda ba, bai nemi ruwa ba.

"Me ka yi?"

"Na tarbi baƙona. Ka ji abin da ya ce? Babu kamar nawa a duk ƙasar. Har da naka."

"Na ji. A gabana ya sake faɗa. Ya dubi nawa, ga ciyawa, ga kashin awaki, ga kwano ɗaya da iska ta ɓalle, ya ce wannan ne mai bukata. Dungas aka ba."

Gajere ya ce, "Dama ka shirya."

"Na shirya me? Na bar nawa yadda yake don na san naka ya fi shi lalacewa sau goma. Ramin da zai haɗiye raƙumi ka rufe da kara!"

"Da ka so ni da shi, da ka gyara naka."

"Da na san haukarka ta kai nan, da na gyara."

"Sau huɗu dai," in ji Gajere. Ita kaɗai ta zo masa.

"Sau huɗu," Manzo ya ce. "Ka zo biki. Zan ajiye maka kujera."

Kamyo, manyan motocin kaya, suka yi ta wucewa da dutse da buhunan siminti, hanyar kuwa ta bayan gonar Gajere take. Yana yankan gero yana ƙirga su ba da son ransa ba. Ran biki ya ce ƙafarsa na ciwo, amma da azahar sai ga shi a Dungas. Ya ga katanga mai kai ƙirji, da magudana mai faɗin kamu biyu, da matakalar zama hawa uku. Manzo ya nuna masa kujera a ƙarƙashin rumfar kwano, kusa da manya. Ya ƙi. Ya tsaya a rana, yana bin katangar da tafin hannu yana neman tsaga. Bai samu ba. Ɗan kokawar Gajere mafi ƙarfi ya yi kaye uku a ranar, makaɗa suka yi masa kirari da sabon fage, ba su ambaci tsamiyoyin Waca ba.

Ruwan farko ya sauka a ƙarshen bazara. Kafin la'asar kara da ƙaya da rairayin fadama duk sun tafi, kwazazzabon ya buɗe ya fi da, ya kai har saiwar tsamiya ɗaya. Mutane suka taru suna salati. Gajere ya zo ya leƙa, aka ga fuskarsa ta saki.

"Kada wanda ya taɓa," ya ce. "Ko ƙwarya ɗaya ta ƙasa kada a zuba."

Ya hana a ta da darni. Da rumfar makaɗa ta faɗi ya hana a ɗauke azarar, ko da yake zaurensa na zuba saboda rashinta. Awaki suka mai da wurin makwanci, bai kore su ba. Da kaka ta yi, samari suka ce ko gefen kudu a share su motsa jiki, ya ce su yi haƙuri, mai dubawa na tafe. Suka fara tafiya Dungas ran Juma'a, da farko su uku, daga baya duka.

Gardi bai zo ba. Bayan an gama cinikin gyaɗa Gajere ya hau jaki ya tafi Magaria, ya yini a ƙofar biro har Mushe Manu ya fito cin abinci.

"Mushe, yaushe za a zo duba fage? Yanzu ya lalace sosai. Wallahi babu kamarsa."

Mushe Manu ya cire tabarau ya goge. "Baba, wancan Baturen an mai da shi Gure. Kuɗin bana kuma filin ƙwallon 'yan lakwal aka ce, yaran makarantar boko. Ku takardarku tana nan, mai kyau aka rubuta. Ba a sake duba mai kyau sai bayan shekara biyar."

"A gyara takardar mana."

"Da bakinka ka faɗa, ni na fassara."

Ya dawo gida. Hinda ta ajiye masa tuwo. Da ya ci ya wanke hannu ya ce, "Saura shekara huɗu."

Da safe aka gan shi a bakin kwazazzabon da sanda, yana korar wata mata da ta zo zubar da toka a ciki, kada ta cike masa rami.