Yatsun Bakanike

Kwana uku ke nan tsohuwar akori-kurar ƙaninsa ta ƙi tashi, bakaniken kuma ya dage cewa babu wuta. Shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa gwada wuta da na'ura ba. Shi dai ya zare babbar wayar kwayil, ya riƙe bakinta da yatsu, a murza makulli. In ta fizge shi, to akwai wuta.

Ya goge kan batir, ya duba fiyus, ya canza kwayil har sau biyu. Duk lokacin da ya riƙe wayar ya ce "Murza!", sai injin ya yi ta gurnani, yatsunsa kuwa shiru.

Da ƙanin ya gaji sai ya ce, "Yaya, zo ka murza, ni in riƙe."

Yana murzawa ƙanin ya kurma ihu, ya yar da wayar yana yarfe hannu. Ya mayar da ita mazauninta, bugu ɗaya mota ta tashi.

Bakaniken bai fito ba. Ya zauna a bayan sitiyari yana kallon yatsun da ciwon suga ya daɗe yana ci. Ya gatsa ɗaya da haƙori, bai ji komai ba.

"Yaya, ai ta gyaru!"

"Ita kam ta gyaru," in ji shi.