Kujerar Baba da Hular Baffa

Ku yi haƙuri da ni. Ni mai karatu ce kawai, ban taɓa rubuta labari ba, kuma ko a aji aka ce in tashi in yi magana muryata maƙalewa take yi. Idan kuka ga wani wuri ya karkace, rashin sabo ne.

Babana mai aski ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da madubi mai tsaga a kusurwa, da bencin masu jiran layi, da fankar da ta fi ba da ƙara a kan iska. Sai kujerar. Jar fata gare ta da ƙafar ƙarfe, da wani hannu a gefe wanda idan aka ja shi take kwantawa baya. A kanta ake samo abincinmu da kuɗin makarantata.

Baba ba ya lissafi da kuɗi, da kai yake yi. Takalmina na makaranta kai goma ne. Idan Umma ta tambayi kuɗin cefane sai ya ce, "Yau kai uku na taɓa, ɗaya ma mai sanƙo ne, rabi ya biya."

Ana haka sai Baffa ya zo hutu. Ƙanin Baba ne, ya daɗe a wata ƙasa ta masu arziki yana aikin ɗora kwalaye a wani babban sito. Shi ya turo kuɗin da aka sauya mana rufin kwano. Ya zo da turare da agogo, da wata hular sanyi da ba ya cirewa. Ana zafi kamar a gasa mutum, gumi na bin kunnensa, hula tana nan. Kafin mako ya zagayo samarin layinmu sun sayi irinta, wai yayin can ne.

Wata rana na kai wa Baba abinci shago, na tarar da Baffa a benci tare da wani tsohon direba da kullum yake zaman hira a wurin.

Direban ya ce, "Ɗan waje, a can nawa ake aski?"

Baffa ya faɗa, ya juya shi zuwa kuɗinmu. Baba ya kashe injin aski a tsakiyar kan mutum.

"Maimaita. Kai ɗaya a can, kai nawa ne a nan?"

"Zai kai talatin, Yaya."

Daga ranar Baba ya canza. Ya riƙa kallon kan masu zuwa aski kamar an cuce shi. Ya dafa kan wani mai gyaran waya ya ce, "Wannan ƙaton kan naka, da a can ne da na sayi siminti da shi." A gida kuwa ya sanar da mu cewa zai sayar da kujerar ya fara neman takardun tafiya, har ya yi magana da dillali.

Umma ta ajiye ludayi. "Malam, mu kuma mu ci me kafin ka isa?"

"Wata biyu ne kawai ki fara ƙirga kuɗi har yatsunki su gaji."

"Ka tambayi ƙaninka kuɗin ɗaki kai nawa ne a can?"

"Ke me kika sani game da ƙasar waje?"

"Abin da ka sani, shi na sani."

Baffa yana zaune yana jin su. Ya tura yatsa ƙarƙashin hula yana susa.

Ranar da dillali zai zo, Umma ta ja ni gefe. Ta ce, "Je ki hau kujerar nan ki zauna. Ko me za a yi kada ki tashi. Ubanki ba zai sayar da ita da mutum a kai ba."

Na ce to. Duk hanya ina maimaita abin da zan faɗa. Da na shiga na ga maza cike da shago, har da Baffa, sai ƙafafuna suka kai ni ƙarshen benci da kansu. Na buɗe littafina na ɓoye fuska, kujerar tana gabana babu kowa a kai.

Dillalin ya zagaya ta yana taɓe baki. Ya danna fatar, ya buga ƙafar da takalmi. "Ta tsufa, Alhaji. Kuma na ji an ce ba ta kwantawa."

"Wa ya ce? Kujerar da ta fi gadonka laushi?" Baba ya waiga. "Ƙanina, hau ka nuna masa."

"Yaya, a sa wani mana."

"Hau na ce!"

Baffa ya hau yana dafe da gwiwa. Baba kuwa da haushin dillali ya fizgi hannun da ƙarfi. Kujerar ta yi baya gaba ɗaya, ƙafafun Baffa suka yi sama, hular ta yi tsalle ta faɗo daidai gabana.



Na karanta littattafai da yawa, amma ban taɓa cin karo da kalmar da ta dace da kan Baffa ba. Gefe ɗaya an kwashe har fata. Ɗaya gefen tukku ne nan da can, kamar gonar da awaki suka shiga. Ƙeyar kuwa hawa-hawa ce, sai ka ce matakalar bene.

Baba ya dafe ƙirji. "Wane maƙiyin namu ne ya yi maka haka?"

"Ni ne, Yaya," in ji Baffa, yana kwance yana kallon silin. "Da almakashin yanka kwali, a banɗakin wurin aiki."

Tsohon direba ya fara dariya har tari ya sarƙe shi.

Baba ya ce, "Duk albashin nan da kake faɗa?"

"Albashin gaskiya ne. Abin da nake samu a awa ɗaya, kai sai ka yini a tsaye. Amma ɗakin da muke haya, ko a lissafin kan can ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Mu shida ne a ciki. Gadona ma na karɓa-karɓa ne, ina tashi wani yake kwanciya, katifar ba ta taɓa hucewa ba. In na biya wannan, na ci abinci, na hau mota, na turo gida, ina kuɗin aski? Kwanon da ke kan gidanku, har da askina a ciki."

Baba ya ce, "To su wa ke zuwa wurin masu askin?"

"Masu gidajen da muke haya. Kuma ba a bari ka taɓa kan mutum sai ka yi makarantar aski an ba ka shaida."

"Ni? Makaranta? In koyi aski?"

Direba ya share hawaye ya nuna ni. "Ga 'yar boko nan, sai ta riƙa yi maka aikin gida." Na ƙara nutsewa cikin littafi.

"Me ya hana ka faɗa tun farko?" in ji Baba.

"An tambaye ni nawa ake aski, ba a tambaye ni ko ina yi ba. Kuma ƙanin mai aski guda, da wannan kan, ta ina zan fara?"

Baba ya ɗago kujerar a hankali. Ya kaɗe mayafin aski, ya ɗaura wa Baffa a wuya, ya tsaya yana nazarin ɓarnar ta kowane gefe yana tsaki.

Dillali ya yi gyaran murya. "To, cinikinmu fa?"

"Ba ka ga da mutum a kai ba?"

"In ya sauka fa?"

"Wannan kan ba zai gyaru yau ba. Sai gashi ya fito an sake bi, an kuma sake bi. Je ka, ba ta sayarwa ba ce." Ya ƙare wa dillalin kallo. "Ko da yake kai ma ƙeyarka ta cika. Bi layi."

Abin mamaki, sai ya zauna.

Injin ya fara ƙugi. Baffa ya lumshe ido kamar jariri a ruwan ɗumi, ya ce, "Yaya, nawa zan biya?"

"Kuɗin can mana. Ba ɗan waje ba ne kai? Sunkuya."

Mai gyaran waya ya ɗauki hular da yatsa biyu yana tambayar wa zai kai wa samarin layi labari. Duk suka kaure da gardama. Ni dai na ga saƙon Umma ya cika, an samu wanda ya zauna a kujerar, ko da ba ni ba ce. Na rufe littafina, na bi jikin bango, na sulale waje kafin wani ya tambayi abin da ya kawo ni.