Kujerar Alwyn ba ta da shaida

Alwyn na durƙushe a bayan tsohuwar kujerarsa da almakashi a hannu lokacin da motar shagon agaji ta tsaya a ƙofar gida. Ya datse ɗan ƙyallen da ke ɗinke a ƙarƙashin kushin, mai shaidar cewa soson ba ya saurin cin wuta, ya cusa a aljihu. Matarsa Glenys ce ta yi wa shagon kyautar kujerar, a sayar a taimaki mabukata, ba da yawunsa ba, wai ta lotsa kuma tana warin kare. Shi kuwa a nan yake kallon ƙwallo, a nan yake gyangyaɗi. Wani aboki a mashaya ne ya tsegunta masa cewa doka ta hana shagon sayar da kujerar da ba ta da ƙyallen.

Gethin, direban motar, ya kifa kujerar, ya lalube ta ciki da bai.

"Mama, ba shaida. Ko kyauta ce ba ma ɗauka."

"Ashsha!" in ji Alwyn, yana girgiza kai kamar mai ta'aziyya. "Doka kuwa ai doka ce."

Glenys ta dubi guntun zaren da ke lilo, sabo fil, ta dubi mijinta. In dai sanin hali ne, ta gama da shi tun suna saurayi da budurwa.

"To, ɗana, wadda ba ta da shaida ina ake kai ta?"

"Juji, Mama. Ki kira 'yan shara, gobe su zo. Inji ne ke markaɗe ta."

"Markaɗe ta?" in ji Alwyn.

"Tas, Baba. Da akwai ƙyallen, da wani tsoho ya samu wurin miƙe ƙafa."

Glenys ta ɗauki waya. Alwyn ya shafa hannun kujerar, inda gwiwar hannunsa ta cinye yadin, tausayi ya kama shi.

"Samari, ka sha shayi mana, saurin me kake? Glenys, ina allurarki?"

"Me za ka ɗinka, tsoho?"

Ya zaro ƙyallen daga aljihu, bai yarda sun haɗa ido ba. Ya yi ta fama da kafar allura, zare na kuɓucewa, har ta gaji da kallo.

"Kawo nan," ta ce, tana gyara tabarau. "Kai riƙe mini kujerar."