Layin Gidan Hajiya Murja

Tun rasuwar mijinta, Hajiya Murja ke zaune ita kaɗai a unguwar Zahir. Ɗanta Hatim, da ke aiki can a birnin Dammam, ya turo Abdulbaƙi mai gyaran waya ya shirya mata layin gida saboda na'urar intanet.

Abdulbaƙi ya kankare tsatsar akwatin bango, ya raba layin biyu, ɗaya na tarho, ɗaya na na'ura.

"Halas, an gama, Hajiya. Kira wani mu gwada."

Ta kira Hatim sau biyu, bai ɗauka ba.

"Aiki ne ya sha kansa," in ji ta. "Zauna ka sha shayi, ɗana."

A tsaye ya sha, ana jiransa a unguwar Rusaifa. Ta saurari takunsa a matakala har ya ɓace, sannan ta wanke kofunan.